Koren Mayafina a Hotunan Biza

Salamu alaikum 'yan gidan nan, da masu magana da masu laɓewa su karanta su tafi ba su ce uffan ba, duk ina ganinku. Ke kuma da kika rubuto cewa tsohuwa kamar ni ba ta da aiki sai sa ido, na gode. Allah ya ba ki jika mai katin zama a ƙasar waje, sannan ki dawo ki koya min yadda ake rufe ido.

Sababbin shigowa, ku matso in maimaita muku a gurguje. Santsin banɗaki ne ya kwashe ni, ƙashin ƙuguna ya tsage. 'Yata tana can wata ƙasa tana aikin jinya, ba ta samu hutu ba, sai ta turo min 'yarta. Sunana aka sa mata, shi ya sa nake ce mata Takwara. Can ta girma, kuma tana da katin zama, irin wanda mace za ta yi aiki ta yi karatu ba mai tare ta, in ta yi aure kuma ta nema wa mijinta biza ya bi ta. Da ɗan akwati ta zo, wai jinya za ta yi ta koma. Yanzu akwatin yana saman kabad, gizo-gizo har ya yi jikoki a kansa.

Asibiti ne suka haɗa mu da mai gashin ƙashi da ke zuwa gida yana motsa min ƙafa. Dogo ne, mai sanyin murya, kullum cikin farar riga. Na sa masa suna Angona don in ji daɗin tsokanarsa. To shi ne yanzu yake neman Takwara.

Kar ku ce na tsane shi. Yaro ne mai ladabi, har ƙasa yake durƙusawa ya gaishe ni. Amma ni da idona na gani, farkon zuwansa ko kallon yarinyar nan ba ya yi. Ta kawo masa ruwa ya ce ya gode, idonsa a kan gwiwata. Sai ranar da ta zazzage jakarta a kan tebur tana neman makulli, katin nan ya faɗo ƙasa, shi ya ɗauka ya miƙa mata. Ya juya shi gaba, ya juya shi baya, kafin ya sake shi. Zuwan da ya biyo baya, turarensa ya riga shi hawo bene.

Ni ba fuska nake karantawa ba, fuska kowa ya iya gyara ta. Hannu nake karantawa. Mutumin da yake riƙe da ƙafarki kusan kullum, in ya yi ƙarya yatsunsa sai sun gaya miki. In na tambaye shi labarin mahaifiyarsa, hannun lakwas yake. In na ce, “Angona, kai ba ka sha'awar fita waje?” sai ya yi dariya ya ce, “Haba Kaka, wa zan bar wa ke?” amma babban yatsansa ya nutse a namana kamar mai gwada nunar gwanda.

To a makon nan sai ga shi da jaka. Ba jakar aikinsa ba, wannan na san ta, ba komai ciki sai man zafi da robar ja da tawul. Wata ce baƙa mai zif biyu, ya ajiye ta bayan kujera kamar bai so a gani ba.

Na ce, “Angona, tarewa ka yi ba ka gaya min ba?”

Ya ce, “Kayan wanki ne, Kaka, zan biya in kai.”

Yatsan ya nutse.

Da ya shiga wanke hannu na ja sandata na ƙarasa. Ku ce na yi laifi, oho. Na zuge zif. Riguna ne a goge, a ninke, har da ƙamshin sabon guga. Shuɗiya, mai ruwan toka, mai layi-layi, har da rigar sanyi mai kauri. Ga huluna, ga agogo guda ban da na hannunsa, ga gilashin ido wanda ban taɓa ganinsa da shi ba. Wane mai wanki ake kai wa kaya a goge? Nan take na ce shi ke nan, gida biyu yake ci. Wata ce take can yake sauya mata kama.

Ashe ban ga komai ba.

Da aka gama min gashi Takwara ta ce, “Kaka, ki je ki kwanta ki huta, likita ya ce ki riƙa hutawa.”

Na ce, “Yaushe kika fara jin maganar likita?”

“Don Allah dai, Kaka.”

Na shiga ɗaki na turo ƙofa, amma ban rufe ba. Labulen ɗakina yana da wani gefe da in kin tsaya daidai, falo gaba ɗaya a tafin hannunki yake. Na yafa koren mayafina na tsaya.

Jama'a, wasan kwaikwayo! Ya shiga banɗaki da farar riga ya fito da shuɗiya. Ita ta shiga ɗakinta da doguwar riga mai fure ta fito da baƙa. Suka zauna a kujera, ya ɗaga waya, ƙyas. Ya koma ya sako mai layi-layi da gilashi, ita ta sauya ɗankwali ta goge jan baki, suka janye kujerar zuwa jikin taga, suka ɗauke tukunyar furen da ke kan tebur, ƙyas. Can sai ga shi cikin rigar sanyi, gumi yana bin wuyansa, ita da kofin shayin da ba komai a ciki, suna dariyar da ba wanda ya ba su, ƙyas. Har kalandar bango suka cire suka kifa a kan firji.

Na ji tana cewa, “Wannan mu ce na bara ne.”

Ya ce, “A'a, wanda na sa gilashi ya fi kama da na bara, na fi rama a ciki.”

Ni dai ina leƙe. In sun matsa taga in matsa. In sun koma ƙofar kicin in ƙara buɗe labule.

Washegari na lallaɓa na sauka ƙasa wurin mai ɗinki. Shagonta yana ƙarƙashin benenmu, kuma duk abin da ya faru a layin nan sai ya bi ta ƙarƙashin allurarta. Ɗanta ya bi matarsa waje shekarun baya, don haka ta san kan abin. Ina gama ba ta labari ta tsayar da keke ta kama haɓa.

“Ke Hajiya, ai hotunan shaida ne!”

“Shaidar me? Kisa aka yi?”

“Shaidar soyayya. In mace mai kati za ta ja miji, mutanen ofishin jakadanci ba sa yarda haka kawai. Sai sun ga alamar an daɗe ana tare. Hotuna, saƙonnin waya, komai. Sannan su raba su, kowa ɗakinsa, su yi ta tambaya. Wane launi take so, me take sha da safe, sunan ƙawarta. Ɗana har tambayarsa aka yi wace ƙafa matarsa take fara sa wa takalmi.”

“Ya sani?”

“Ina fa! Cewa ya yi ba ya kallon ƙafar mutane.”

Muka yi dariya har ƙuguna ya amsa. Amma da na hawo bene dariyar ta gushe. Don sai a lokacin na tuna irin hirar da nake jiyowa. Ni a zamanina saurayi cewa yake ya kasa barci. Wannan kuwa sai ka ji, “Wane irin man goge baki kike amfani da shi?” “Makarantar da kika fara shiga, ya sunanta?” Har na ɗauka sabon salon soyayya ne na 'yan boko. Ashe hadda yake yi.

Ina zama sai ga saƙon murya daga uwar Takwara. Kun san ta, ba ta kira sai ta tara magana.

“Inna, ina wuni, ya ƙafar? Inna, don girman Allah kar ki ɓata mana lamarin nan. Yaron nan mai sana'a ne, irin aikinsa ana nema a nan. A ɗaura aure kawai a shigar da takardu, yarinyar nan ta dawo ta ci gaba da karatunta. Na san halinki, Inna. Kar ki tsare shi da tambayoyi.”

Na danna na ce, “Ke, ni na haife ki ko ke kika haife ni? Kin taɓa ganinsa ban da a waya? Ni ƙafata ce a hannunsa.”

Ta turo min hoton fuska mai hawaye. Na tura mata hoton akuya, don shi yatsana ya faɗa wa.

Da yamma sai na ji ihu daga falo. “Kaka! Innalillahi, Kaka!”

Na fito da sauri iya saurin mai sanda. Takwara ce zaune da waya, Angona a tsaye a kanta ya dafe ƙeya. Ta juyo min da wayar tana ja da yatsa.

Hoton farko, su biyu a kujera, can baya a gefen labule rabin fuskata da koren mayafi. Na biyu, wanda aka ce na bara ne, ga ni da koren mayafi. Na rigar sanyi, ga ido ɗaya da koren mayafi. Na ƙofar kicin kuwa har bakina a buɗe, da filastar da ke goshina inda na bugu da ƙofar kabad shekaranjiya. Sun sauya riguna, sun sauya kujera, sun kifa kalanda, amma tsohuwa tana nan yadda take, shekara guda cur ba ta sauya mayafi ba, ciwon goshinta bai warke ba.

Na ce, “Kai, amma na yi kyau a wannan.”

“Kaka, kin ɓata komai! Ko ɗaya babu wanda ba ki ciki!”

“Yo ni na ce ku yi a gidana? Mutanen ofishin in sun gani sai ku ce musu gunki ne.”

Angona ya yi dariya, amma ta baki ce kawai. Ya ce, “Ba komai, za a iya yanke gefen.”

Ba a yanke ni, yaro, na faɗa a raina.

Na ce wa Takwara ta haɗa mana shayi, ta sa citta da yawa, ta bar shi ya dahu sosai. Na san hakan zai riƙe ta a kicin. Na miƙe a doguwar kujera na ɗora ƙafa a kan matashi.

“Angona, zo ka duba min gwiwar nan, tun da na sauka bene take min tsami.”

Ya durƙusa ya shafa mai ya fara murzawa. Na bari hannun ya saki, ya yi lakwas. Sannan na ƙirƙiro ƙaryata. Wallahi a take na haɗa ta, daga ɗan abin da na taɓa ji a bakin mai ɗinki, cewa katin nan ba ya son a daɗe ba a taka ƙasarsu ba.

Na sassauta murya na ce, “Ni tausayinka nake ji, da kake ta wahalar sauya riguna. Ba ta gaya maka ba ko? Katin nan ai ya mutu. Ta daɗe a nan wurina fiye da yadda dokarsu ta yarda. Yanzu ita da kai duk ɗaya kuke, ba mai jan wani.”

Ina jiran yatsa ya nutse. Bai nutse ba. Hannun gaba ɗaya ne ya saki ƙafata.

Sai na ji ƙarar fashewar kofi a ƙasa.

Takwara ce a ƙofar kicin, faranti a karkace a hannunta, ruwan shayi yana bin tayil. Ashe sukari ta fito tambaya. Fuskarta ta yi fari fat.

Ta ce, “Kaka, wa ya gaya miki?”

Jama'a, kun taɓa jefa dutse cikin duhu don wasa ku ji mutum ya yi ƙara? Na ce, “Wa ya gaya min me?”

“Ko Mama ba ta sani ba. Ban gaya wa kowa ba.” Sai hawaye. “Lokacin da ya kamata in koma, shi ne aka sake kwantar da ke, ba ki iya ko juyawa. In tafi in bar ki da wa? Na ce in kin miƙe zan san yadda zan yi. Da na bincika aka ce na wuce ƙa'ida.”

“To hotunan fa?” Shi ne ya tambaya, muryarsa can ƙasa.

Ta kasa kallonsa. “Na ga yadda kake murna. Na ji tsoro in na faɗa...”

Ya miƙe. Ya goge man hannunsa da tawul, yatsa bayan yatsa, kamar wanda ba shi da wani aiki a duniya. Ya ɗauki baƙar jakar. Ya ce, “Sai da safe, Kaka.” Ita kuwa ya wuce ta gefenta ya fita. Muna jin takunsa har ƙasan bene.

Ban ga ta zama ba, na rarrafa na jawo yarinyar nan jikina. Ni da na shirya tarko don in kama ɓarawo, jikata na kama. Karatunta, aikinta, ɗakinta da take nuna min a waya mai ɗan farin labule, duk ta ajiye saboda ƙashin tsohuwa, kuma kullum da dariya take kawo min ruwan wanka.

Ta ce, “Ba zai dawo ba, ko Kaka?”

Na ce, “In bai dawo ba mun huta da turare.” Amma ni ma kunnena yana ƙofa.

Washegari lokacin gashi ya yi, shiru. Takwara ta share falo, ta sake sharewa. Ta duba waya ta kifa, ta ɗauka ta kifa. Har na fara haɗa zagin da zan aika masa ta bakin mai ɗinki, sai aka ƙwanƙwasa.

Shi ne. Farar rigar jiya ce a jikinsa, ba guga, ba turare, ba baƙar jaka. Idonsa ja kamar bai runtsa ba. Ya gaishe ni, ya juya ya ce mata, “Da kin gaya min. Ni ke nake so, ba kati ba.”

Ta rufe fuska da tafi. Ni kaina, kar in ɓoye muku, zuciyata ta ɗan yi laushi. Har ya ce a yi hoto ɗaya na gaskiya, ni a tsakiya da koren mayafina. Aka yi. Ya miƙo min wayar ya ce in duba ko na yi kyau, shi ya shiga wanke hannu, ita ta shiga kicin tana waƙa ƙasa-ƙasa.

Ina cikin duba filastar goshina sai saƙo ya sauko daga saman wayar. Karatuna a hankali yake, amma yana kaiwa. An rubuta Lauya. A ƙasa kuma: “Kar ka janye tukuna. In jinya ce ta riƙe ta, akwai hanyar roƙo a farfaɗo da shi. Ka samo hoton ƙashin tsohuwar da takardun asibitinta.”

Na karanta, na sake karantawa. Kar ka janye tukuna. Wato an yi maganar janyewa ke nan. Ko kuwa lauyan ne ya kawo ta, shi bai ce ba? Yaron nan ya kwana yana nema wa Takwara mafita ne, ko kansa yake nema wa? Na ajiye wayar a kan matashi, fuskarta ƙasa.

Ya dawo ya durƙusa, ya shafa mai, ya kama gwiwa. Can ya ce, kamar abin ya faɗo masa ne yanzu, “Kaka, hoton ƙashin nan naki da takardun sallama, suna kusa? Ina so in duba yadda ƙashin ya haɗe.”

Suna ƙarƙashin katifata, cikin babbar ambulan ruwan ƙasa. In na hana, na kashe wa jikata hanya da hannuna, bayan ita ta kashe ta saboda ni. In na ba shi, ban san wa na buɗe wa ƙofa ba.

Na ɗaga murya na ce, “Takwara! Zo nan.”

Ta fito da cokali a hannu.

“Ɗaga katifata, akwai ambulan. Ki ɗauka ki riƙe a wurinki, kar ki ba kowa. An ce in jinya ce ta riƙe mutum, ana iya roƙo a tashi katin. Angona ne ya binciko miki, ki gode masa.”

Ta zaro ido tana kallonsa. Shi kuma ya kalli wayarsa da ke kife, ya kalle ni.

Na ce, “Gobe ki kira uwarki ki gaya mata gaskiya, ku nemi lauyanku na can. Za a roƙa, amma da sunanki ke kaɗai. Ki koma ki ƙarasa karatunki. Maganar jan miji kuwa babu ita, ba bana ba, ba baɗi ba. Tunda ke yake so ba kati ba, ai ba abin da ya rasa. Ya zauna nan yana gasa min ƙafa, mu yi ta jiranki tare, ni da Angona.”

Takwara ta yi dariya cikin hawaye ta ce, “Ai zai jira, Kaka. Ko ba haka ba?”

Ya yi murmushi har haƙoransa suka bayyana. Ya ce, “Me zai hana?”

Ta juya da gudu ta shige ɗakina, ina jin ta tana kokawa da katifa.

Ya ce, “Ɗaga ƙafar, Kaka.”

Na ɗaga. Murmushin yana nan a fuskarsa bai gushe ba. Amma babban yatsan nan ya nutse a gwiwata har sai da na ji shi a ƙashi.